Yadda Muka Kai Kyanwar Rabi Gummi

Tun da na dawo daga Gummi ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci a tare ni, a teburin mai shayi a tare ni, abokan karatuna na ajin yaƙi da jahilci kuwa sun hana malaminmu sakat. Ɗaya daga cikinsu, Malam Ɗanjuma, cewa ya yi, "Bawa, hwaɗi gaskiya, mussa ka kai asibiti, ko amarya ka tahi nema?" Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, wannan ya ji farko, wancan ya ji tsakiya. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Wanda karatunsa ya yi ƙwari ya karanta wa wanda bai kai ba tukuna.

Sai na fara da Rabi, domin in ba a san ta ba, ba za a gane abin da ya fitar da magidanci kamata daga gida da kyanwa a kwando ba. Rabi 'yata ce, yanzu ta zama budurwa. Tana rarrafe shekarar da gubar dalma ta shiga ƙauyenmu na Abare. Yara da yawa sun tafi. Ita Allah ya bar mana ita, amma harshenta ya yi nauyi. Tana ji, tana ganewa, tana aikin gida tsaf, magana ce ke yi mata wuya, a gaban baƙi kuma ba ta yi ko kaɗan. Bayan mun komo Anka da zama ta yi shekaru sai dai ta nuna abu da hannu.

Wata rana ta shigo da 'yar kyanwa a cikin zanenta, ta tsinto ta a wani kango. Kyanwar ba ta iya tsayuwa daidai. In ta ɗaga ƙafa sai tangaɗi, kanta na karkarwa, in ta nufi kwano sai ta wuce shi ta faɗi gefe. Uwar Rabi ta ce a mayar da ita inda aka ɗauko ta. Rabi ta ƙanƙame ta, ta buɗe baki ta ce, "Lilo." Mun daɗe ba mu ji kalma cikakkiya daga bakinta ba. Shi ya zama sunan kyanwar, daga nan kuma magana ta riƙa zuwa kaɗan-kaɗan. Da Lilo take hira, mu muna tsinta daga gefe.

Lilo ba ta iya cin abinci ita kaɗai. Sai Rabi ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta sa ta a tsakani, ta tallabi ƙirjinta da hannu ɗaya, ta riƙe kwano da ɗayan. Ba ta yarda da hannun kowa, har da nawa.

Bara ta fara ramewa, ga shan ruwa ba ƙaƙƙautawa. Inna, mahaifiyata, ita ta lura tururuwa na taruwa inda ta yi fitsari. Ta ce, "Wanga ciwon sukari na, irin na marigayi kawunka." Muka yi dariya. Amma wani ma'aikacin jinya maƙwabcinmu ya ɗan soki kunnenta, ya auna jinin da na'urar da yake auna na mutane, sai ya daina dariya. Ya kira wata 'yar uwarsa, likitar dabbobi a Gummi. Ita ta faɗa mana ta waya irin allurar insulin da za a riƙa yi mata da yawanta, ɗan ƙanƙane ne ƙwarai. Ta kafa mana sharaɗi: allura safe da yamma, kuma kada a kuskura a yi in ba ta ci abinci ba, domin aikin allurar rage sukari ne, in ta sami ciki ba komai za ta rage shi har rai ya fita. Na ɗaura abin da salla, bayan Asuba da bayan Magariba. Rabi ta ciyar, ni in kama fatar wuya in yi allura. Kwalbar ba ta son zafi, a gindin randa take zama cikin jiƙaƙƙen yashi.

Da bazarar bana ta shigo, Lilo ta sake lalacewa. Ta daina bin Rabi, Rabi kuma ta fara ture nata tuwon, maganarta ta soma komawa ciki. Likita ta ce ba za ta taɓa yawan allurar ta waya ba, sai ta ga kyanwar da idonta, ta yini tana auna ta. Uwar Rabi ta dube ni, ni kuma na dubi Rabi. Washegari na fita neman kwando mai murfi.

Kayanmu ba yawa. Kwando a hannun Rabi. A nawa hannun ɗan tulu cike da jiƙaƙƙen yashi, kwalbar allura a binne ciki, na naɗe shi da tsumma mai ruwa. Sai jaka mai tufafinmu da sirinji da 'yar kwalbar zuma, wadda likita ta ce kada in rabu da ita, ko da sukarin zai faɗi.

Rigimar farko a tashar Anka muka same ta. Direba ya ji kuka cikin kwando ya ja da baya.

"Mi ke ciki, Malam?"

"Kyanwa ta."

"A'a. Ban ɗaukar mussa. Ko akuya goma ka kawo in ɗauka, amma mussa tsautsayi take jawo ma mota."

Wani dattijo mai farin gemu a gidan gaba ya leƙo ya ce, "Kai yaro, dabbar da ake alwala da ragowar ruwanta ita ka jawo tsautsayi? Je ka duba tayarka ta baya, ita ta tsautsayin." Duk motar ta kwashe da dariya. Direba ya je ya shuri tayar, ya dawo yana ƙunƙuni, ya ce mu shiga amma kada ta leƙo.

Ban daɗe da zama ba na gane ɗan tulun zai fi kyanwar jawo mini ido. A shingen jami'an tsaro aka ce kowa ya sauko. Wani dogo mai bindiga ya buɗe jakata ya ga sirinji, fuskarsa ta canza. A ƙasarmu yanzu wanda aka gani da allurai a hanyar daji, zato ɗaya ake yi masa, wato mutanen daji yake kai wa. Ya sa na tone yashin, ya ɗaga kwalbar sama.

"Na wane ne?"

"Na kyanwa ne, ranka ya daɗe."

Ya dube ni ya daɗe. Ya kira ɗan uwansa ya ce in maimaita. Na maimaita. Rabi ta buɗe murfin kwando da kanta, Lilo ta ɗago kai yana rawa ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Sai dogon ya sassauta. Ya ce irin wannan kwalbar mahaifiyarsa ke amfani da ita a garinsu can kudu, kuma kullum fargabarsu rashin wuta. Ya tsuguna ya tambaye ni yadda nake jiƙa yashin, na nuna masa. Ya tsiyaya mini ruwa daga gorarsa a kan tsumman, ya ce mu wuce.

Ban so mu yi tafiyar a yini ɗaya cikin wannan zafi ba, don haka na shirya mu kwana Bukkuyum, gidan Alhaji Ummaru, dillalin hatsi, aminin yayana marigayi. Duk wanda ya san Alhaji Ummaru ya san shi da baƙi. Mu a Anka in baƙo ya ce ya ƙoshi mukan ƙara masa tayi sau ɗaya mu ƙyale shi. Alhaji ba ya jin wannan kalmar. An kawo fura da nono mai kauri, irin wanda ludayi ke tsayuwa a ciki. Ban gama ba aka kawo hoce, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka da man shanu. Na ce na ƙoshi, ya ce, "Wa ya tambaye ka?" Ya ci gaba da turo mini nama gabana.

Da yamma a ƙofar zaure Rabi ta ciyar da Lilo ina gani, na yi allura bayan Magariba. Daga nan matar gidan, Hajiya Tumba, ta aiko aka shiga da Rabi da kwandonta cikin gida. Ni aka shimfiɗa mini a ɗakin baƙi na jikin zaure. Duk shekarun da na yi ina zuwa gidan ban taɓa wuce wannan zauren ba, haka kuma ya kamata.

Da muka dawo daga sallar Asuba, Alhaji ya shiga ciki ya fito mini da kwandon da hannunsa, ya ce yarinyar tana shiri.

Na ce, "Alhaji, ta ci abinci kuwa?"

Ya ja da baya kamar na watsa masa ruwa. "Subhanallahi, Bawa! Gidana kake tambayar ko baƙo ya ci? Ta ci, ta ƙoshi."

Tambaya ta biyu ta zo mini har baki: wa ya riƙe ta? Amma duk ɗan ƙasar nan ya san abin da sake tambayar ke nufi. Kamar ka ce wa mutum ana kwana da yunwa a gidansa ne, ko kuma maganarsa ba ta isa ba. Mutumin da ya girme ni, wanda na kwana a shimfiɗarsa. Na shafa cikin Lilo, ban gane komai ba. Na tono kwalba, na ja allura, na yi.

Da hantsi Rabi ta fito za mu tafi, hannayenta jawur har wuyan hannu. Ashe Hajiya da 'ya'yanta sun ce ba za a yi baƙuwa budurwa ta tafi hannu fari ba, suka ƙunsa mata lalle tun dare, ba a kwance ba sai da rana ta fito. Tana tafe tana kallon tafukanta tana murmushi. Ban taɓa ganin an yi mata kwalliya haka ba, 'yan matan unguwarmu ba sa jan ta cikin irin wannan. Daɗi ya cika ni. Ban yi tunanin komai ba bayan wannan.

Motar Gummi ƙarama ce, an cusa mu kamar buhunan gero. Yaron mota ya karɓi jakata ya tura ta can ƙasan but, aka jibga buhuna a kai, aka ɗaure da igiya. Tulun kawai na riƙe a cinya. Kusa da ni wani Bafulatani makiyayi, sai samari biyu masu haƙar zinariya, baƙi ne, Hausarsu ba irin tamu ba ce. Rabi tana baya tare da mata, kusa da wata tsohuwa mai sayar da mazarƙwaila da na ji ana kira Inna Ige. Tsohuwar ba ta rufe baki ba tun daga tasha. Ta tambayi Rabi sunanta, garinsu, wa ya yi mata lalle. Da ba ta sami amsa ba sai ta riƙa ba kanta.

Akwai wani daji a hanyar nan da kowa ya sani. In mota ta shige shi hira takan mutu, direba ya kashe rediyo, ya taka mai, kowa ya kama abin da ya iya na addu'a. Har Inna Ige ta yi shiru. A tsakiyar wannan shirun na ji murya daga baya.

"Baba."

Na waiga. Rabi ce, a cikin mota cike da baƙi.

"Tana rawa."

Na ce, "Ai kullum tana rawa, Rabi. Ga mota na girgiza ta."

"A kwance."

Ban gane ba. Sai ta ɗaga murya yadda ban taɓa ji ba, har direba ya kalli madubi. "Lilo ba ta rawa a kwance!"

Gaskiya ne kuwa. Rawar Lilo ta son abu ce. In ta nufi kwano, ko ta so tashi, ko ta hango Rabi, sai kan ya kama karkarwa. In ta kwanta kuwa luf take, kamar kowace kyanwa. Na miƙa hannu cikin kwandon. Tana kwance a gefe ɗaya, jikinta na fizga, idanunta sun buɗe baƙi ƙirin ba sa kallon komai, miyau na zuba. Kunnuwanta sanyi ƙalau cikin wannan zafin.

Na ce, "Rabi, ta ci da sahe?"

Ta ɗago jajayen hannayenta ta nuna mini. "An ɗaure."

Zumar tana cikin jaka, jakar tana ƙarƙashin buhuna.

Na ce, "Direba, don Allah ka tsaya in ɗauko magani a but."

Bai ko waigo ba. "Malam, ko matata ka naƙuda cikin motar ga ban tsayawa nan. Ka yi haƙuri."

Ban ga laifinsa ba, kuma har yau ban gani ba. Rayukan mutane ne cike da mota. Na juya ga fasinjoji na ce, "Jama'a, wa ke da abu mai zaƙi? Sukari, alewa, dabino, komi." Makiyayin ya ciro goro, ya dube shi, ya mayar. Samarin nan suka zazzage aljihunansu, ba komai sai ashana da busasshen burodi. Inna Ige ta buga cinya ta ce, "Wayyo ni, kayana duka na but!" Sai ta tsaya. Ta kamo gefen zanenta ta fara kwance wani ƙulli da haƙori. Wani ɗan guntun mazarƙwaila ne, ta ce ta ɓoye wa jikanta.

"Yau dai Sa'idu ya yi haƙuri. Kawo ruwa, ɗan nan."

Na matse tsumman tulu a tafinta, ta murza mazarƙwailar har ta narke ta zama kamar zuma. Za ta ɗura, na ce a'a, likita ta ce ba a ɗurawa, shaƙe ta zai yi, a dasashi ake shafawa. Rabi ta tsoma yatsa, ta ɗaga leɓen Lilo, ta shafa. Ta sake tsomawa ta shafa. Makiyayin ya cire rawaninsa ya miƙa baya ya ce a rufe ta, haka suke yi wa ɗan maraƙi in jikinsa ya yi sanyi. Motar tana gudu, ana buga mu da rufi, Inna Ige ta riƙe tafinta a buɗe kamar mai roƙo don kada ko ɗigo ya zube.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Ina kallon kyanwar, amma abin da nake gani shi ne gidanmu kafin zuwanta, da Rabi zaune a bakin ƙofa tana nuna ruwa da hannu. Rabi ba ta yi kuka ba. Tana shafawa tana kiran sunan a hankali, sau da sau.

Sai harshe ya motsa. Ya lashi yatsan. Fizgar ta ragu, ta tsaya. Can Lilo ta ɗago kai tana neman yatsan, kan kuwa ya kama karkarwarsa da muka sani, ya wuce yatsan ya dawo, ya sake wucewa.

Rabi ta ce, "Wagga ita ta rawatta."

Ɗaya daga cikin samarin ya yi kabbara da ƙarfi har makiyayin ya ce masa, "Kai, sannu, ba mu hita dajin ba." Inna Ige tana share ido da bayan hannu tana zagin kyanwar, tana cewa 'yar banza ta tsinka mata hanji. A ƙauyen farko bayan dajin, direba ya tsaya gaban mai shayi ba wanda ya roƙe shi. Ya sauka ya karɓo dafaffen ƙwai ya miƙo ta taga ya ce, "A ba mara lahiya." Rabi ta zauna a ƙasa gefen titi, ta miƙe ƙafafu, ta ciyar da ita, mota guda tana jira ba mai ƙorafi.

Gummi garin ruwa ne. Mu a Anka kifi abin marmari ne, su kuwa da safe kifi, da rana kifi, har a miyar kuka. Na ga masu sassaƙar ƙwarya zaune a rumfa suna zane da wuƙa mai zafi suna hira, ba sa ko kallon hannunsu. Mutanen garin suna da tsokana. Da na tambayi hanyar asibitin dabbobi da kwando a hannu, wani mai faci ya ce, "Ku Ankawa har mussarku ta hi ƙarhin bokan garinku?" Amma shi ya ajiye aikinsa ya raka mu har ƙofa.

Likita Maryam yarinya ce, ba ta kai ƙanwata ta ƙarshe ba, Hausarta irin ta rediyo. Tana ce mini Baba. Na ba ta labarin abin da ya faru a mota ban rage komai ba. Ba ta yi mini faɗa ba, amma ba ta ɓoye mini ba. Ta ce saura kaɗan mu iso mata da gawa. Ta ce wahalar kyanwa irin Lilo ke nan: alamar faɗuwar sukari ita ce tangaɗi da rawar jiki, ita kuwa da su aka haife ta, sai mai ita ya ɗauka halinta ne na kullum har lokaci ya ƙure. Rawar kanta, in ji ta, ɓangaren ƙwaƙwalwa mai riƙe daidaiton jiki ne bai gama girma ba tun tana ciki. Ba ya ciwo, ba ya ƙaruwa, ba shi da magani, kuma ba ya hana tsawon rai.

Ta sauke Rabi da Lilo a ɗakinta, ni kuma mai gadin asibitin ya ba ni tabarma a nasa. Mutumin kirki ne, sai dai munshari. Washegari likita ta yini tana ɗibar jini daga kunnen Lilo tana aunawa. Ta gano abu biyu. Kwalbarmu ta daɗe, zafi ya rage mata ƙarfi duk da yashina. Sannan akwai ruɓaɓɓen haƙori can ciki da ke hana ta cin kirki. Ta cire haƙorin, ta ba mu sabuwar kwalba, ta nuna mini sabon layin da zan riƙa tsayawa a jikin sirinji, ta sa na ja a gabanta har ta gamsu.

Da la'asar ɗin ranar na nemi Rabi ban gan ta ba. Na same ta bayan asibitin a gindin famfo, ta sami wani dutse tana dirzar tafin hannunta da shi. Fatar ta yi ja fiye da lallen, har ta fara saluɓewa. Na tsuguna na karɓe dutsen.

Ta ce, "Shi ya sa."

Na ce, "Ba shi ya sa ba. Hajiya son ki ta yi ta ƙunsa maki. Ke kuma ke kika gani lokacin da ni ban gani ba." Na kama hannayen na juya su. "Kin ga sun yi kyau. Ki bar su Innarki ta gani."

Ta daɗe tana kallon su. Sannan ta sa su ƙarƙashin famfo ta wanke ƙurar dutsen kawai.

Ranar da za mu taho likita ta zaunar da mu. Ba ni ta kalla ba, Rabi ta kalla. Ta ce, "Daga yau ba allura sai Rabi ta ce ta ci, da bakinta. Ba Baba ba, ba mai gida ba, ba kowa ba. Kin yarda?" Rabi ta ɗaga kai. Likita ta ce, "Ban ji ba." Rabi ta ce, "Na yarda." Zumar kuwa ta ce in ƙulle ta a aljihun rigata, ba a jaka ba.

A hanyar dawowa na yi ta shawara da zuciyata ko mu wuce Bukkuyum ba tsayawa. Amma na san direban da ya kai mu Gummi ya riga ya baza labarin a tasha, in na wuce, Alhaji zai ɗauka na yi fushi, zumuncin da yayana ya bari ya yanke a kan kyanwa. Muka sauka.

Alhaji ya tarbe mu, amma ba irin tarbar farko ba. An kawo abinci bai ce in ƙara ba. Sai da muka wanke hannu ya ce, yana kallon ƙasa, Hajiya ta ajiye wa kyanwar kifi a kwano da safen ranar da muka wuce, ta dawo ta tarar da shi fayau, ashe kaji suka cinye. Sannan ya ce, "Amma ni ko wannan ban sani ba lokacin. Ban tambayi kowa ba, Bawa. Ka tambaye ni, bakina ya ba ka amsar da ya saba." Na ce Allah ya riga ya kiyaye, a bar maganar. Ya ce to, amma na ga bai bar ta ba.

Da safe bayan Asuba zauren ya cika da abokan hirarsa, dattawa ne na unguwa, ana jiran kunu. Alhaji ya shiga ciki ya fito da kwando, wannan karon Rabi na bayansa. Na buɗe baki, ya ɗaga hannu.

"Kada ka tambaye ni. Ga mai ita nan."

Rabi ta tsaya a bakin ƙofa, ta ga maza cike da zaure, ta sunkuyar da kai. Na so in tashi in je kusa da ita ta raɗa mini, amma na tuna abin da likita ta ce, na zauna.

Ta ce, "Ba ta ci ba."

Wani dattijo ya yi tari. Wani ya dubi rufin zaure. Ba na jin an taɓa faɗin wannan maganar a gidan Alhaji Ummaru tun da aka gina shi, balle a gaban mutane. Alhaji ya juya ya dubi abokansa ɗaya-ɗaya.

"Kun ji ko? Baƙuwa ta kwana gidana ba ta ci ba. Ku shaida." Ya juyo wurin Rabi. "Mi take so, ɗiyata?"

"Ƙwai. Bakinta na ciwo."

Da kansa ya shiga ya sa aka dafa, da kansa ya ɓare ya marmasa a kwano. Rabi ta zauna a ƙofar zaure ta miƙe ƙafafu, ta tallabi ƙirjin Lilo da jan hannunta. Kaji suka taso. Alhaji Ummaru, da babbar rigarsa, ya tsuguna a gefe ya cire hula yana korar su da ita yana ce musu ɓarayi. Dattawa suna dariya, shi ko a jikinsa. Lilo ta ci a hankali, kan na zuwa yana dawowa, har kwanon ya ƙare.

Rabi ta ɗago ta dube ni. "Ta ci."

Na tono kwalba na yi allura. Ina mayar da ita cikin yashi na ji Rabi ta sake magana, kuma ba da ni take ba.

"Baba Alhaji."

Alhaji ya tsaya da hula a hannu. "Na'am, ɗiyata?"

"Ni ma ban ci ba."

Zauren ya fashe da dariya. Alhaji ya dafe kai ya nufi cikin gida yana kiran Hajiya da ƙarfi, rigarsa na jan ƙasa. Rabi ta rufe baki da hannu, kafaɗunta na motsi, dariya take yi tare da mutane. Da aka kawo kunu da ƙosai ta cinye tas, Alhaji ya ce a ƙara, ta miƙa kwano.